Balangu Ba Yaji a Landan

To jama'a, ku bar ni in huta haka. Tun da na sauka wayata ba ta yi shiru ba, kowa "Rifkatu ya Landan? Ina tsarabata?" Hauwa har kira ta yi don ta ji ko na taɓa dusar ƙanƙara. Ban taɓa ba. Ruwan sama na gani, da bas, da cikin kofi. Zan rubuta sau ɗaya a nan, wanda ya sake tambaya in ce ya hau sama ya karanta.

Ga waɗanda ba su san abin da ya kai ni ba. Ina aiki a gidan abincin wani otal a nan Abuja, ni ce mai kai wa baƙi abin sha. Akwai wani wain da muke sayarwa, jar giyar inabi ce daga Sifaniya, mai ƙarfi, ta yi duhu kamar zoɓon da aka manta a kan wuta. Oganmu yana ji da shi kamar ɗansa na fari. Wata rana a mitin sai ya ce za a cire gashi daga abincin yamma, a kashe murhun Malam Sani. Wai manyan baƙi masu shan wannan wain ba sa haɗa shi da naman bakin titi, abincin Turawa yake so. Malam Sani shi ne mai gasa mana nama, tun kafin a ɗauke ni aiki yake wurin. Yana tsaye a bakin ƙofa yana ji. Nawa bakin ne ya ƙi zama.

Na ce, "Oga, wa ya gwada?"

Ya kalle ni ta saman tabarau. "Ke za ki gwada. Dama za mu tura mutum kwas Landan. A ranar ƙarshe kowane ɗalibi yana kawo abincin ƙasarsu ya haɗa da wain a gaban malama. In ta yarda, murhu ya zauna. In ta ƙi, ki dawo ki taya shi kwashe gawayi."

Shi ke nan, na ɗauko wa kaina Dala ba gammo.

Malam Sani ba ya shan abin, ko kusa da kwalbar ba ya zuwa, amma ya zauna ya yi min kilishi da hannunsa, ya naɗe cikin takarda ya ce, "Ki kai musu wannan, ba ya lalacewa a hanya." Na cusa a tsakiyar akwati ina jin kamar na riga na ci jarrabawa.

Jirgi ba labari, na yi barci har muka sauka. Mai duba fasfo ya tambaye ni me na zo yi, na ce koyon ɗanɗana wain. Ya ɗago ya kalle ni, ya ce shi ma da zai samu irin wannan aikin da ya ajiye nasa, ya buga min hatimi. Ina tura akwati sai na ci karo da wani allo, hoton nama an ja masa jan layi. Na tsaya cak. Wata zuciyar ta ce wuce kawai, wa ya sani? Sai na hango wani ɗan kare sanye da rigar aiki yana bin akwatuna yana sunsuna. Na ce a'a, ba za a nuna ni a gari ba saboda kilishi. Na kai kaina. Matar ta sa safar hannu, ta buɗe, ta ce ƙamshinsa da daɗi, ta ba ni haƙuri, ta jefa a kwandon shara. Da fara'arta fa. Mutanen nan za su yi maka ɓarna suna ce maka sori, ka rasa wanda za ka yi faɗa da shi.

Haka na shiga Landan ba makami.

Na hau jirgin ƙasa na Elizabeth line zuwa unguwar Woolwich. Da na zauna na gaishe da tsohuwar da ke kusa da ni, sai ta matsar da jakarta. Ban ƙara ba. Jirgi cike da mutane amma shiru kamar zaman makoki, kowa ya kafa wa wayarsa ido.

Anti Binta ce ta tare ni a bakin tasha. Ƙawar mamata Saratu ce tun Zariya, katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu, su suke kawo mana naman layya mu muke kai musu shinkafar Kirsimeti. Yanzu nas ce a can. Ta rungume ni, ta ture ni baya ta ƙare min kallo.

"Wannan ce rigar sanyin? Saratu ta bar ki kika taho da mayafin sauro?"

Ta cire tata ta yafa min, muka hau bas zuwa Thamesmead. Ku da kuke zaton duk Landan gilashi ne, unguwar nan siminti ce zalla, bene kan bene, da ɗan tafki a tsakiya. Amma a matakalar gidansu ƙamshin daddawa na ji da na egusi, sai hankalina ya kwanta. Tun kafin in ajiye akwati ta karanta min doka.

"Na san aikinki, Saratu ta faɗa min. Gidan nan naki ne. Kwalbar nan kuwa ko a jaka kar ta hau min bene."

Na ce, "Anti, ko murfinta ba za ki gani ba." Kuma ba ta gani ba.

Makarantar tana cikin gari, ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa mai sanyi. Malamar tsohuwa ce 'yar Sifaniya, Madam Pilar, guntuwa, ba ta dariya sai in ta kama. A gaban kowa an jera kofuna, da wani ɗan bokiti na ƙarfe. Na zaci na wanke hannu ne. Aka zuba, ta juya kofi, ta sunsuna, ta kurɓa, ta kuskure baki da shi kamar mai ciwon haƙori, sai ta sunkuya ta tofar a bokitin. Tsaf! Duka aji suka bi ta.

Jama'a, ni da aka raina a gidan da in ka tofar da abinci sai ka sha ludayi a ka? In tofa abu a gaban sa'ar kakata? Abin da na san kuɗinsa a otal? Na haɗiye. Aka kawo na gaba na haɗiye. Kafin a tashi hutun rana allo ya fara yi min rawa. Da aka tashi na hau bas mai lamba daidai amma ta ɗaya gefen titi, sai da na ga an rubuta Catford na san na yi nisa. Da na iso gida Anti Binta ta kalli idona sau ɗaya, ta nuna min banɗaki, ta haɗa min shayi mai citta. Ba ta yi min magana ba sai da safe.

"Yau in an ce ki tofar, ki tofar. Kunyar nan ba inda za ta kai ki sai Catford."

Daga ranar na koya, amma fa sai na juya baya na kare da hannu. Ajin har suka saba.

Da aka zo kan wain ɗinmu, wanda ya kawo ni, sai na gane ashe shekarun nan zuba shi kawai nake yi, ban san shi ba. Madam Pilar ta ce kowa ya faɗi abin da hancinsa ya ji. Suna ta kiran 'ya'yan itacen da ban taɓa gani ba. Da ta zo kaina na rasa na cewa, sai na faɗi gaskiya. Na ce ina jin ɗinya, wadda ta nuna ta yi baƙi har ta fara yamutsewa. Ina jin sabuwar jakar fata. Ina jin hayaƙin icce da ya kama zani. Ta sa na nuna mata hoton ɗinya a waya, ta gyaɗa kai. A baki kuma da farko zaƙi-zaƙi, sai ɗumi ya sauka a ƙirji, sai kuma bauri ya kama harshe da dasashi kamar ka tauna goro ba ruwa. Ta ce baurin nan shi ne ƙashin bayansa, kuma duk abincin da zai zauna da shi sai ya iya da wannan baurin. Ba ta ce ga abincin ba. Ta ce aikinmu ke nan.

Na ce ai da sauƙi, a nemo nama. Anti Binta ta kwatanta min wani ɗan shago bayan kasuwar Woolwich, na Baba Awudu. Dattijo ne daga zangon Kumasi, yana gashi a can ciki, hayaƙi na fita ta bututu. Hausarsu ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne.

"Kai yarinya, ka fito ina? Abuja? Eh, masu kuɗi. Yaya gida, yaya mutane duka?"

Rabon da a yi min gaisuwa mai tsawo haka tun filin jirgin Abuja, har ƙwalla ta so zo min. Na sayi tsire, ya zazzaga masa yaji har ba a ganin naman. Washegari bayan darasi, da yake ana barinmu mu gwada ragowar kwalabe a kicin ɗin makaranta, na ɗumama, na ci tsinke ɗaya, na kurɓi wain.

Wayyo Allah. Kamar na zuba fetur a murhu. Barkonon ya ninka, giyar ta koma ɗaci, ɗinyar nan duk ta gudu. Hawaye da majina. Wani ɗan ajinmu ya miƙo min ruwa yana tambaya ko a kira motar asibiti. A nan na tuna kilishin da aka zubar, shi ma jajir yake da yaji. Wato da na shigo da shi da haka zan yi a gaban malama. Na yafe wa karen nan.

Amma maganar Oga ta dawo min. Idan yana da gaskiya fa?

Na ce ko da gaskiyarsa sai na gwada komai tukuna. Kullum da safe Anti Binta tana zuba min abinci a roba in tafi da shi. Ta san inda za shi. Ta ce, "Ni abinci na ba 'yata. Abin da kika kora da shi tsakaninki da fastonki." Na gwada masa, wain ya danne ta kamar ba a ci komai ba. Na gwada dambun nama, ya bushe, bauri ya hau kan bauri. Farfesun kayan ciki, wuta ta sake tashi. Miyar kuka kuwa, kar wanda ya gwada, kamar kana tsotsar makulli. Da na faɗa wa Anti sai ta ajiye cokali.

"Miyata ba ta taɓa shan wulaƙanci irin wannan ba. Ba miyar ce da laifi ba, abokin tafiyar ne ba shi da tarbiyya."

'Yan aji suka fara tausaya min. Ɗaya ta ce in sayi cuku kawai in wuce wurin, ba wanda zai kama ni. Malam Sani kuma ya turo min saƙon murya, ba abin da ya tambaya sai sanyi da lafiyar masaukina. Rashin tambayar ya fi damuna. Na ce cuku ba zai hura murhun kowa ba.

Ana gobe jarrabawa na fito daga makaranta da yamma bakina duk bauri, harshe kamar takarda. Ban yi niyyar sayen komai ba, ƙafa ce ta kai ni shagon Baba Awudu don in ji Hausa. Na tarar yana yanka balangu na rago, yanzu ya sauke daga wuta. Kun san al'adar masu nama, ba ka tsayawa a gabansu ba su miƙo maka ɗanɗano ba. Ya yanko wata 'yar tsoka da kitse a gefenta, ta ɗan ƙone a baki, ya miƙo min a kan wuƙa. Ɗanɗano kuwa daga kan katako yake zuwa, ba a kai ga barbaɗa yaji ba.

Na sa a baki. Kitsen ya narke, ya bi harshe, baurin nan da na yini da shi ya saki. Sai ga ɗinyar ta dawo daga can maƙogwaro, ta haɗu da hayaƙin naman. Na tsaya da tauna.

"Baba, ƙara min."

"Kai, ɗanɗano ɗaya ne. Na biyu ciniki."

"To gobe da rana ina son wannan. Rago, mai kitse, da zafinsa. Kar ka sa yaji ko kaɗan."

Ya ajiye wuƙa. "Ba yaji? Kana da olsa?"

"Lafiyata ƙalau."

"To nama na ba ya fita shagon nan tsirara. Mutum ya ci ya ce Awudu ya tsufa ya manta yaji? A Woolwich? Ka je wurin masu kebab."

Na so in ce likita ne ya hana ni, da an wuce wurin. Amma dattijon da ya gaishe ni kamar 'yarsa, ban iya ba. Na faɗa masa komai, da wain ɗin, da Oga, da Malam Sani.

"A'uzu billahi. Nama na halal za ka kai wa giya?"

Na ce, "Baba, ba a shagonka ba, ba a gabanka ba. In ka ce a'a ba zan ji haushi ba, zan je wurin masu kebab ɗin. Amma abin da na ɗanɗana yanzu ba su da shi. Kuma akwai mai gashi irinka a Abuja da za a kashe wa wuta."

Ya juya ya ci gaba da yanka. Ya sallami mutum biyu, ni ina tsaye kamar an dasa ni. Can ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Shi Sanin, gawayi yake yi ko gas?"

"Gawayi."

"Hm. Mutumin kirki." Ya goge hannu. "Ni ban sayar ma giya nama ba. Na sayar ma yaron Binta. Ka zo da kula, kitsen rago ba ya son sanyi, yana daskare ya kama ganɗa."

Washegari na je da kular Anti Binta. Ya zuba naman yana tururi, ya rufe. Sai ya ƙulle yaji a 'yar takarda ya tura min a aljihun riga.

"Wannan rigarsa ne. Ko ba a sa masa ba, ya bi shi."

A cikin jirgi na rungume kular nan kamar jaririya. Ƙamshi ya cika tarago. Turawa suna ta shaƙa suna yi kamar ba su ji ba, sai wani ɗan Najeriya daga can nesa ya kasa haƙuri ya ɗaga murya, "Sister, na suya be that?" Ranar ce kaɗai na ga an yi dariya a jirgin Landan.

A aji wasu sun kawo naman saniya da aka dafa da wain, wani ya kawo tsohon cuku mai wari. Da aka kira ni na buɗe kula, na ce wannan balangu ne, naman rago a kan wuta, gishiri da mai da hayaƙi, haka muke ci a tsaye a bakin hanya. Madam Pilar ta nemi cokali mai yatsu, na ce da hannu ake ci. Ta ɗauka da yatsu, ta zaɓi mai kitse ba tare da na nuna mata ba. Ta tauna. Ta kurɓa. Na zuba wa bokitinta ido.

Ba ta tofar ba. Ta haɗiye, ta sake ɗaukar wata tsokar.

Ta ce a ƙauyensu ɗan rago ake gasawa a kan busassun rassan inabi a ci da wannan wain ɗin, rabonta da jin abin da ya kai ta gida haka ta daɗe. Ta tambaya ko haka muke cinsa kullum. Na ce a'a, da yaji muke ci, kuma da yajin ba sa jituwa, na gwada na sha wuya. Na ciro ƙullin Baba na nuna mata, na gargaɗe ta akwai gyaɗa da barkono. Ta ce sai ta gani da kanta. Ta dangwala, ta kurɓa, ta yi tari har tabaranta suka zame. Da ta dawo daidai ta nuna naman ta nuna kofi ta ce e. Ta nuna yajin ta ce wannan a ajiye shi a gefe, mai so ya zaɓa, yaji ko wain. Sannan ta roƙi rabi wai za ta sa a ƙwai da safe.

Na biya shagon Baba in mayar da godiya, ya ce kar in ba shi labarin giya, in dai faɗa masa an cinye ko an rage. Na ce har kitsen ƙasan kula an siɗe da burodi. Ya ce, "To."

Ran da na koma aiki Oga ya ce ya ga saƙon malama amma shi harshensa ya fi yarda da shi. Na je wurin Malam Sani na ce rago, mai kitse, ba yaji. Ya kalle ni kamar na zagi kakansa.

"Landan ɗin da kika je abin da suka koya miki ke nan?"

Na ba shi ragowar ƙullin Baba Awudu na ce wani ɗan'uwansa ne ya aiko. Ya buɗe, ya sunsuna, ya lasa.

"Citta ta yi yawa. Wannan ba Bakano ba ne."

Ya gasa dai. Oga ya ci, ya kurɓa, ya sake ci, ya sake kurɓa. Bai ce na yi gaskiya ba, kun san oga. Cewa ya yi a ƙaro gawayi kafin ƙarshen mako.

Duk wanda ya zo wurinmu da yamma yanzu zai ga balangu a faranti, a gefensa da ɗan ƙullin takarda. Ba ni na ce a yi ba. Malam Sani ne ya ce namansa ba ya zuwa gaban baƙo ba riga.

Tsaraba kuma, Hauwa, rigar sanyin Anti Binta ce kawai na dawo da ita, har yanzu tana ƙamshin rago. In kina so ki zo ki ɗauka.